Kuzarin da Ya Ɓace: Yadda Bakan Beta Ya Tona Asirin Cibiyar Zarra

A watan Agustan 1914 yaƙin duniya na farko ya rutsa da wani matashi ɗan Ingila, James Chadwick, a birnin Berlin. Shekararsa 22, ya je koyon aiki ne a ɗakin binciken Hans Geiger. Kafin ƙarshen shekarar hukumomin Jamus sun tattara shi da dubban 'yan ƙasarsa sun tsare a Ruhleben, wani filin sukuwa a bayan gari, inda aka mayar da bargar dawakai wurin kwana. Shekara huɗu ya yi a nan. A cikin tsaron ne ya haɗu da Charles Ellis, ɗalibin makarantar soja da ya zo hutu Jamus, yaƙi ya tare masa hanyar gida. Chadwick ya riƙa koya masa fiziks don rage tsawon yini, har akan yi ɗan gwaji da wani man goge baki mai ɗauke da sinadarin toriyam da ake sayarwa a Jamus a lokacin. Da aka sake su, Ellis bai koma bariki ba. Cambridge ya nufa, inda malaminsa ma ya koma.

'Yan watanni kafin a kama shi, Chadwick ya fitar da wani sakamako da ya zame wa masana ƙarfen ƙafa har shekara goma sha shida. Ɗalibin nan na barga ne kuma zai tabbatar da shi daga baya.

Tun 1899 Ernest Rutherford ya lura cewa tiririn da ke fita daga yuraniyam iri biyu ne, ya raɗa musu alfa da beta. Na ukun, gamma, ya biyo baya. A 1900 Henri Becquerel ya nuna a Paris cewa beta ba baƙo ba ne, elektron ne irin wanda ke bin wayar lantarki, sai dai wannan yana fitowa da gudu mai kusantar na haske. Alfa ba ta da gardama. Duk ƙwayar alfa da foloniyam-210 ya harbo da kuzari ɗaya take fita, kimanin keV 5,300, keV ɗaya kuwa elektron-bolt dubu ke nan, ma'aunin kuzari a wannan fanni. Hankali ma ya yarda da haka: cibiyar zarra ta tashi daga hali sananne ta koma wani hali sananne, bambancin da ke tsakani shi ne abin da ƙwayar za ta ɗauka. Kowa ya sa rai beta ma haka za ta yi.

Hanyar awon ba ta da wuyar fahimta. Idan elektron ya shiga tsakanin ƙarfin maganaɗisu, hanyarsa takan lanƙwashe. Mai ƙaramin kuzari yakan yi kwana da wuri, mai babban kuzari sai ya yi faɗi kafin ya juyo. Kamar mai shiƙa ce a masussuka: ta bar iska ta yi aikin, tsaba ta zuba kusa, ƙaiƙayi ya tafi nesa, wurin da abu ya sauka shi ke faɗin ko mene ne. Sai a ƙirga elektron nawa suka sauka a kowane wuri, a zana. Wannan zane shi ake kira bakan beta.

Masu binciken farko faifan hoto suke sawa a wurin saukar. Otto von Baeyer da Otto Hahn da Lise Meitner sun yi haka a Berlin wajen 1911, Jean Danysz a Paris ya gyara tsarin yadda elektron zai yi rabin da'ira kafin ya sauka, Rutherford da Harold Robinson suka bi sahu a Manchester a 1913. Dukansu layuka suka gani a kan faifan, sirara, masu kyau, har gommai. Duhu-duhun da ke bayan layukan kuwa aka ɗauke shi datti. Chadwick ya cire faifan ya sa na'urar ƙirge ta Geiger, wadda ba ruwanta da kyan layi, ɗaya-ɗaya take ƙirga abin da ya shigo. Da ya auna radiyam B da radiyam C, waɗanda yau ake kira dalma-214 da bismut-214, sai ya tarar layukan 'yan kaɗan ne, mafi yawan elektron suna cikin wannan duhu-duhun da aka raina. Kuzarinsu ya bazu tun daga ƙasa har zuwa wata iyaka ta sama, babu tsinkewa. Faifai da idon mutum ne suka haɗu suka kumbura layukan.

Matakan da ke cikin cibiya

Layukan ba ƙarya ba ne, fassararsu ce aka kuskure. A 1921 da 1922 Ellis ya zauna da su a ɗakin binciken Cavendish na Cambridge, ya lura cewa tazarar da ke tsakanin wasu layuka daidai take da tazarar da aka riga aka sani tsakanin zagayen elektron na cikin zarra, waɗanda ake wa laƙabi da K da L. Ashe waɗannan elektron ba daga cibiya suke fitowa ba. Mazauna zagayen ne, kuzarin da cibiya ta saki ne ya tumɓuke su. Idan aka ɗauki kuzarin layin aka ƙara masa abin da aka kashe wajen tumɓukewar, layuka da yawa sai su ba da amsa ɗaya, wato kuzarin hasken gamma guda. Da Ellis ya jera waɗannan amsoshin, sai ya ga wasu idan aka haɗa biyu suna ba da na uku. Abin da hakan ke nufi shi ne cibiya tana da matakan kuzari ƙayyadaddu, tana iya saukowa mataki-mataki, tana iya tsallakewa. A 1925 Meitner ta ƙara da nata: lissafin yana daidaita ne da zarrar da aka samu bayan rugujewa, ba ta kafinta ba, don haka beta ke fara fita, gamma ya biyo.

Misalin da ɗalibai ke gani yau shi ne sisiyam-137, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kimanin shekara 30. A cikin cibiyarsa nutron ɗaya ya rikiɗe ya zama furoton, sisiyam ya zama bariyam. Kimanin kashi 94 cikin 100 na rugujewar ba sa sauka ƙasa kai tsaye, sukan tsaya a wani mataki mai tsayin keV 662, bakansu kuma yana ƙarewa a keV 514. Ragowar sukan wuce har ƙasa, bakansu ya kai keV 1,176. Haɗa 514 da 662, ka ga 1,176. Bariyam yakan ɗan daɗe a wannan mataki, rabinsa na sauka cikin minti biyu da rabi, yawanci ta hanyar sakin gamma. Amma kusan sau ɗaya cikin goma sai ya miƙa kuzarin ga elektron na zagayen K. Tumɓuke wannan elektron na cin keV 37 da ɗoriya, saboda haka wani siririn layi ke tsayawa a keV 624, can gaba da inda babban bakan ya ƙare. Zane ɗaya, ya faɗi tsayin matakin ta hanya biyu da ba su dogara da juna ba. A ganina babu abin da ya kai wannan daɗi a aikin awo.

Kobalt-60, wanda aka daɗe ana ƙona ciwon daji da shi a asibitoci, ya ƙara wani darasi. Jimillar kuzarin da yake da shi na komawa nikel-60 ya kai keV 2,823, amma kusan duk elektron ɗinsa ba sa wuce 318. Ragowar na fita ne a gamma biyu a jere, 1,173 da 1,332. Me ya hana shi faɗawa ƙasa gaba ɗaya? Kowane mataki yana da lambar juyi. Ta kobalt 5 ce, ta ƙasan nikel 0, rugujewar beta kuwa ba ta son babban tsalle a wannan lamba. Mataki na sama, mai lamba 4, shi ya fi kusa, sai ta sauka can. Da irin wannan lissafi, tsayin iyaka da siffar baka da tsawon rai, aka gano lambobin juyi na ɗaruruwan matakai da babu idon da ya taɓa ganinsu.

Zafin da bai cika ba

An warware layuka, saura bazuwar. Meitner, wadda ba ta wasa da aiki, ta tsaya kan cewa duk elektron da kuzari ɗaya suke barin cibiya, a hanya ne suke zubar da wani kaso, ko ta karo da wasu elektron ko ta fitar da haske. Ellis ya ce a'a, a bazu suke fitowa. Shekaru suka yi suna musayar muƙaloli tsakanin Berlin da Cambridge.

A 1927 Ellis da William Wooster suka yanke shawarar daina kallon elektron ɗaya-ɗaya, su auna zafi. Suka zaɓi radiyam E, wato bismut-210, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kwana 5, kusan ba ya fitar da gamma. Suka rufe shi cikin ƙaramin mazubin dalma mai kaurin da zai tsayar da kowane elektron. Duk abin da elektron ya zubar a hanya, cikin mazubin zai zubar, ya koma zafi. In Meitner ce da gaskiya, kowace rugujewa za ta ba da zafin da ya yi daidai da iyakar sama, fiye da keV 1,000. Ɗumin da suke nema bai fi kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba. Don sanin yawan rugujewar kuma suka yi dabara: bismut yana haifar da foloniyam, wanda an san kuzarin alfarsa, sai suka bi yadda zafin ke sauyawa kwana bayan kwana. Amsar ta fito kimanin keV 350, wato matsakaicin bakan da ya bazu.

Meitner ba ta yi musu da baki ba. Ta sake gwajin da kanta tare da Wilhelm Orthmann, da na'urar da ta fi ta Cambridge, ta sami kusan adadi guda, ta rubuta wa Ellis ta amince, aka wallafa a 1930. Ina ganin wannan ya cancanci a riƙa koya wa ɗalibai tare da lissafin, domin mace ce da ta fi kowa dalilin son wata amsa dabam, kuma hannunta ne ya rufe ƙofar.

Kashi biyu cikin uku na kuzarin ya ɓace ke nan. Niels Bohr ya kai ga shirin sallama dokar da ta ce kuzari ba ya ƙaruwa ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama; ya ce wataƙila a cikin cibiya dokar ba ta aiki sai a jimilla. Wolfgang Pauli bai yarda ba. Ranar 4 ga Disambar 1930 ya aika wasiƙa daga Zurich zuwa wani taro a Tübingen, wanda bai halarta ba saboda wani bikin rawa, ya kawo shawarar da shi kansa ya ce ta wanda dabara ta ƙare masa ce: akwai wata ƙwaya marar cajin lantarki, marar nauyi sosai, da ke fita tare da elektron, su raba kuzarin, ta ratsa dalma ta wuce ba ta bar zafi ba. A Roma aka raɗa mata nutrino. Enrico Fermi ya gina cikakken lissafi a kanta a ƙarshen 1933, wanda ya faɗi siffar da ya kamata bakan ya ɗauka. Sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama ƙwayar kusa da tukunyar nukiliya ta Savannah River a Amurka.

Sirrin na cikin kaurin samfur

Lissafin Fermi bai sami karɓuwa nan da nan ba, domin awo ya saɓa masa. A 1936 Franz Kurie da abokan aikinsa suka kawo wata hanyar zane da ke miƙar da bakan ya zama layi ɗoɗar idan Fermi ya yi daidai. Layin ya ƙi miƙewa. Kullum elektron masu ƙaramin kuzari sun fi yadda ake tsammani yawa. Emil Konopinski da George Uhlenbeck sun riga sun gyara lissafin a 1935 don ya dace da awon, aka yi 'yan shekaru ana bin gyararren.

Awon ne ke da laifi. James Lawson da James Cork a Michigan sun fara nuna haka wajen 1940, amma wadda ta kashe maganar ita ce Chien-Shiung Wu, haifaffiyar wani gari kusa da Shanghai, da ke aiki a Jami'ar Columbia ta New York. Ta gane cewa idan samfur ya yi kauri, elektron na zubar da kuzari tun kafin ya fito, wasu kuma su daki abin da aka ɗora samfurin a kai su dawo a raunane. Ɗigon ruwan gishirin jan ƙarfe da ake yin samfurin da shi idan ya bushe ba ya bushewa bai-ɗaya, yakan taru wuri-wuri. Sai ta ƙara masa ɗan sinadarin wanki don ya shimfiɗu. A 1949 ita da Richard Albert suka auna jan ƙarfe-64 da samfur siriri ƙwarai, rarar ta ragu yadda kaurin ya ragu, layin ya miƙe. Fiye da shekara goma manyan masana na gyaran lissafi, alhali matsalar tana kan ɗan faifan da ke bakin na'ura.

Wannan ƙwarewa ce ta sa Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka nufe ta a 1956 da tambayar ko rugujewar beta na bambanta dama da hagu. Tare da Ernest Ambler da abokan aikinsa a hukumar ma'aunai ta Amurka a Washington, ta sanyaya kobalt-60 kusa da ƙarshen sanyi, aka jera cibiyoyin suna juyi fuska guda, sai elektron suka fi fita ta gefe ɗaya. Lee da Yang sun karɓi kyautar Nobel a 1957. Ita ba ta samu ba, kuma har yau ban ga hujjar da ta gamsar da ni kan haka ba.

A Suwidin kuwa na'urar aka inganta. A 1946 Kai Siegbahn da Nils Svartholm suka tsara maganaɗisun da ke tattara elektron ta fuska biyu bayan sun zaga kusan digiri 255, aka sami kaifi da yawan ƙirge a lokaci guda. Daga baya Siegbahn ya juya wannan ma'auni ga elektron da hasken X ke tumɓukowa daga saman abubuwa, aikin da ya kai shi ga Nobel a 1981.

Wa ke amfana da teburin

Duk waɗannan awo sun taru a manyan teburori na matakai da hanyoyin rugujewa, kuma mutane da yawa na cin moriyarsu ba tare da sun san wahalar da aka sha ba. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar bincike, NIRR-1, da ta fara aiki a 2004. Akan sa ƙasa ko dutse ko abinci a ciki, nutron su shige shi, wasu cibiyoyin su zama masu rugujewar beta. Sodiyam-24, alal misali, yana komawa magniziyam, ya saki gamma a keV 1,369 da 2,754. Mai bincike ya ga waɗannan lambobi ya san akwai sodiyam, ya kuma san yawansa. Ba don wani ya riga ya zana matakan ba, lambobin ba za su ce komai ba.

Akwai inda kuskure a teburin ya fi tsada. Idan aka kashe tukunyar samar da lantarki, tarkacen yuraniyam da ya tsage na ci gaba da rugujewar beta, yana ba da zafin da ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfin tukunyar a daƙiƙun farko. Wannan zafi ne ya narkar da makamashin Fukushima a 2011 da aka rasa hanyar sanyaya shi. A 1977 John Hardy da abokan aikinsa suka ƙirƙiri wata cibiya ta ƙarya a kwamfuta, suka yi mata awo irin na yau da kullum, suka nuna cewa na'urorin gamma masu kaifi na rasa raunanan layuka masu yawa daga matakai na can sama. Sakamakon haka akan ɗauka beta ta sauka ƙasa fiye da yadda ta yi, lissafin zafin ya kauce. Maganin shi ne a kewaye samfur da babban lu'ulu'u mai haɗiye duk gamma ya faɗi jimilla. Awon da aka yi da wannan hanya a Jyväskylä ta ƙasar Finland ya gyara lissafin zafin fulutoniyam-239 da ya daɗe yana saɓa wa gwaji.

Ƙarshen wutsiya

Tun a muƙalarsa Fermi ya nuna cewa nauyin nutrino na ɓoye a daidai inda bakan ke ƙarewa. Idan yana da nauyi, elektron ba zai taɓa kwashe kuzarin duka ba, wutsiyar za ta ɗan gajarce ta lanƙwashe. Tiritiyam, nau'in haidurojin mai nauyi, shi ya fi dacewa da wannan nema, don iyakarsa keV 18.6 ce kacal.

Wurin nan ya kayar da gwanaye. A 1980 wata tawaga a Mosko ta sanar da nauyin kimanin elektron-bolt 30, wasu ɗakunan bincike suka neme shi ba su gani ba. A 1985 John Simpson na Jami'ar Guelph a Kanada ya ga wata 'yar karaya a bakan tiritiyam, ya fassara ta da nutrino mai nauyin keV 17. A 1991 gwaji a Oxford ya mara masa baya da farar wuta-35. Ma'aunan maganaɗisu kuwa ba su ga komai ba. Zuwa 1993 maganar ta mutu, Andrew Hime na gwajin Oxford da kansa ya gano cewa elektron na karo da wani ɗan shingen alminiyam a cikin na'urar. Ba na ganin wannan abin kunya ne. A 1914 abin da aka ɗauka datti ne ya zama gaskiya, a 1991 abin da aka ɗauka gaskiya ne ya zama datti, kuma babu wata alama a jikin zanen da za ta raba maka su. Sai an sauya na'ura, an sirantar da samfur, an ba abokin hamayya ya gwada.

Daga 1998 gwaje-gwaje a Japan da Kanada sun tabbatar cewa nutrino na rikiɗa daga nau'i zuwa nau'i, abin da ba zai yiwu ba sai yana da nauyi. Amma bambancin nauyin suke faɗi, ba nauyin kansa ba. Don haka aka gina KATRIN a Karlsruhe ta Jamus. Babban ma'auninsa tanki ne mai tsawon mita 23, faɗin mita 10, nauyin tan 200. A Deggendorf aka ƙera shi, tafiyar 'yan sa'o'i a mota, amma ya fi ƙarfin hanya, sai a 2006 aka bi da shi ta kogin Danube, Baƙin Teku, Bahar Rum, Atilantika, aka hauro kogin Rhine, kusan kilomita 9,000, sannan aka ratsa da shi tsakanin gidajen ƙauyen Leopoldshafen da ƙyar.

A cikinsa maganaɗisu jagora ne kawai. Tankin na ɗauke da ƙarfin lantarki na kusan bolt 18,600 da ke korar duk elektron da kuzarinsa bai kai ba, a riƙa matsa wannan shinge kaɗan-kaɗan ana ƙirga masu tsallakewa. Tiritiyam ɗin na ba da rugujewa kusan biliyan 100 a daƙiƙa, amma waɗanda ke faɗawa cikin elektron-bolt na ƙarshe ba su fi biyu cikin tiriliyan goma ba. A 2019 KATRIN ya ce nauyin bai kai elektron-bolt 1.1 ba, a 2022 ya sauko 0.8, a 2025 kuma, bayan nazarin elektron miliyan 36, ya sauko 0.45. Elektron kansa nauyinsa 511,000 ne a wannan ma'auni, nutrino bai kai kashi ɗaya cikin miliyan nasa ba ke nan. Burin tawagar shi ne ta kusanci 0.3 idan ta gama nazarin duk abin da ta tara. Bayan haka an shirya sa wa na'urar sabon maƙirgi mai suna TRISTAN, wanda zai bar wutsiya ya duba jikin bakan gaba ɗaya, yana neman karaya irin wadda Simpson ya zaci ya gani.